Ranar Kasuwar Da Na Haɗiye Muryata

Jama'ar waya, ina gaishe ku, na gida da na hanya, har da masu karanta ni a ɓoye a wurin aiki. Mati ne, na bakin ruwa. Wanda bai san ni ba ya matso. Ban taɓa riƙe biro ba, faɗa nake ana buga muku, amma ga ku nan da duk bokonku kun ajiye abin da kuke yi kuna bin labarin tsoho.

Ina yaro aka tashe mu daga tsibiri lokacin da aka tare ruwa, garin da aka yanke mini cibi yana can ƙarƙashin tafkin nan kifi na yawo a zaurenmu. Jirgi ya kife da ni ina saurayi, ya sake kifewa da ni ina da iyali, duk na fito da ƙafata, a na ƙarshen ma da akuyar wani a kafaɗa. Dorina ta taɓa bin kwale-kwalena har ta gaji ta koma. Ba alfahari nake ba, ku tambaya daga Warra har Yelwa.

Da ƙarfin tuƙi ya ragu sai ƙungiyar masu jirgi ta ajiye ni a tasharmu in riƙa duba lodi. Kowane jirgi da jan layin fenti a jikinsa. In ruwa ya taɓa layin, magana ta ƙare, ko allura ba a ƙarawa. Ku da ke ofis kuna kukan maigida ɗaya, ni kowa maigidana ne kuma kowa abokin faɗana. Mai albasa na son buhunsa ya shiga, mai babur na rantsuwa babur ɗinsa ba shi da nauyi, direba na hararata, mata na ƙin sa rigar ruwa wai tana ɓata musu ɗaurin zane. Kayan aikina ɗaya ne, murya. In na daka tsawa har tsuntsayen tsallake sai sun tashi.

To amma in na koma gida fa? Hafsatu, uwar 'ya'yana, ta rasu daminar da ta wuce waccan. Kwanukanta na nan jere a kabad, ni ke goge su ranar Juma'a. 'Ya'ya mata suna ɗakunansu, ɗana Bilyaminu yana Kontagora yana sayar da kayan gyaran babur. Nakan yi sallama a ƙofar gidana don kada in manta yadda ake yi. Kaji ke amsawa. In zauna bisa tabarma maƙogwaro na zafi, kai na sarawa, hayaniyar tasha na ci gaba a kunnena alhali ba kowa.

Wata rana ina tsaka da wanke wani direba sai na ga tafkin ya karkace. Na farka bisa benci a ƙaramin asibitin garinmu, Hannah ma'aikaciyar wurin ta ɗaure mini hannu da abin awo. Ɗiyar mutanen kan tudu ce, na san ubanta tun yana kawo doya tasha.

"Baba, jininka ya hau sosai," in ji ta.

"Ya hau ina? Ni ban ba shi izini ba."

"Ba wasa nake ba. Za ka riƙa shan magani kullum da safe. Ka rage gishiri, ka rage goro. In ka ji ranka ya fara tafasa a wurin aiki, ka bar wurin tukuna, ka sha ruwa, ka ja numfashi a hankali. Kuma ka samu wanda za ka riƙa gaya wa damuwarka."

"Ɗiyata, ni damuwa ke tsoro."

"Wa ke gare ka a gida?"

"Kaji."

Na zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallona har na ji na fi son allura da wannan kallo.

Kafin in isa gida labari ya riga ni zuwa Kontagora. Bilyaminu ya san ba na karatu, murya yake turo mini. Na danna.

"Baba, an ce ka faɗi a tasha. Don girman Allah ka bar aikin nan. Na gyara maka ɗaki, da fanka da talabijin, jikokinka na nan. Me ka rasa? In na sake jin wani abu, wallahi da mota zan zo, ba shawara."

Ku ji yaro! Ni za a sa a ɗaki a kunna wa fanka kamar ɗanyen kifi. Amma kada in ɓoye muku, na sake danna saƙon, na kuma sakewa. Ba don na yarda da shi ba. Muryar mutum ce a cikin ɗakin.

Yanzu ku gyara zama, mun zo wurin.

A bayan tasha, gindin wani mangwaro, akwai mai bandar kifi, sunanta Tamada. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗiyarta guda, Yasira, an kai ta Shanga. Mace ce doguwa, baƙa, mai wushirya, ɗankwalinta kullum a ɗaure ta gaba, zanenta ya sha hayaƙi har ba ka gane ainihin launinsa. Ba ta da yawan magana. In tana juya tarwaɗa bisa waya da yatsunta sai ka rantse wuta 'yar ɗakinsu ce. Ni da haƙorana suka rage na gefe ɗaya, na zama mai sayen banda kullum bayan la'asar. Sai na koma gida na yi wanka, na sa shaddata mai ruwan toka wadda Bilyaminu ya aiko da Sallah, na karya hula, na shafa turare a gemu, sannan in dawo in tsaya cikin hayaƙi kamar mai hankali.

Ran da na yanke shawara, na zauna bisa turmin da take ajiye wa baƙi, na yi gyaran murya.

"Uwar Yasira, kin san ni ba yaro ba ne, ban iya zagaye-zagaye."

"Awo, Malam Mati. Duk garin ga an san ba ka iya komi a hankali ba."

"Aure nika so."

Ba ta ɗago ba. Ta juya kifi, ta ƙara itace, ta kore hayaƙi da mafici.

"Da wa?"

"Da mangwaron ga. Da wa kuwa?"

Ta yi murmushi kaɗan, sannan fuskarta ta koma yadda take.

"Malam Mati, in gaya ma gaskiya. Na yi zaman aure da tsawa. Marigayi, Allah shi jiƙan shi, in ya shigo gida har tukunya sai ta yi shiru. Da ya tahi na yi kuka, amma kunnena ya huta. Yanzu ina nan ina jin ka tun sahe har yamma, ɗan kaza, ɗan kaza, sauke, fita, ubanka. Mutumin da ke haka a waje, mi zai kawo min gida?"

"Ai aiki ne! In ban yi ba su nutse!"

"Ka ji ko? Ni kaɗai ce gabanka, ga shi har kifina ya firgita."

Na rufe baki. Ni, Mati.

"Kuma ka san wa ke ba da aurena. Mamuda ne."

Mamuda ƙaninta ne, shi ke jan babban jirgi mai zuwa kasuwar tsallake, kuma duk tashar ba wanda na zaga kamarsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, gwanin tuƙi, ba na hana shi wannan, amma idonsa ba ya ƙoshi da lodi. Ranar da na faɗi ma shi nake wankewa.

"Ya ce shi ba ya ba da yayarsa ga wanda ke kiran shi jaki gaban fasinja," in ji Tamada. "To ga abin da nika so. Kasuwa mai zuwa, tun fitowar rana har faɗuwarta, kada in ji muryarka daga nan. Ka yi aikinka, ban ce ka bari ba. In ka iya, mu yi magana. In ba ka iya ba, ka ci gaba da sayen kifi, ba mu ɓata ba."

"Shi ke nan? Rana guda? Ni da na kwana bisa kututture tsakiyar ruwa?"

"Kututture ba ya ba ka haushi."

Na taso ina cika baki, amma a hanya na san na shiga uku. Rana guda ba ihu a tasharmu, ranar kasuwa kuma!

Sai na fara gwaji. Na bi maganar Hannah, na ja numfashi, na ji kamar ina hura wuta. Na sha ruwa har cikina na ƙara. Ba abin da ya yi. Dabarar da ta yi aiki tawa ce, ni na ƙirƙiro ta, kada wani likita ya zo gobe ya ce tasa ce. Akwai tsohon kwale-kwalena da ya mutu, yana can ƙarshen tasha, rabinsa a yashi rabinsa a ruwa, yoyo yake ta ko'ina. In na ji wuta ta taso daga ƙirji za ta fita ta baki, sai in juya in tafi can, in tuɓe takalmi, in shiga, in ɗauki yankakkiyar jarka in yi ta kwarfe ruwa. In kwarfe, ya shigo. In kwarfe, ya shigo. Ba ya ƙarewa, ba ya kuma gardama. Kafin bayana ya gaji sai in ji wuyana ya saki, idona ya washe, maganar da na so in yi ta zama ƙarama. Sai in wanke fuska in dawo. Masunta na kallona suna taɓa kai, wai tsoho na gyaran gawa. Ban kula su ba.

Ranar kasuwa na sha maganina da kunu, na sa tsohuwar rigata ta aiki da malfa, na yi addu'a a bakin ƙofa. Na isa tasha rana na fitowa. Hayaƙin Tamada ya riga ya tashi a bayan mangwaro. Ban kalli wajen ba, amma duk jikina ya san yana nan.

Jirgin farko ƙarami ne. Na duba layi, na ɗaga hannu, na nuna ya isa. Direban ya tsaya yana jira. Na sake nunawa. Ya duba bayansa ko da wani nake. Wani mai gishiri ya turo buhu, na dafa buhun, na girgiza kai. Ya ja da baya kamar ya taɓa maciji.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne mata. Sun taru a bakin ruwa da kwandunansu da goyonsu, an sa musu katakon hawa, ba wadda ta taka.

"Ku shiga mana!" in ji direba.

"Ba mu shiga," in ji wata tsohuwa mai daddawa. "Ba a duba jirgin ba."

"An duba, Inna. Ga Baba Mati nan, shi ya ce ya yi."

"Ƙarya kake. Ni tun ɗazu nika nan, ban ji ya zagi kowa ba."

"Wallahi kuwa," in ji ta kusa da ita. "Ni in ban ji ya ce ma direba ɗan banza ba, raina ba ya kwanciya."

Na matsa kusa da su na ce a hankali, "Inna, jirgin lafiya lau, ku shiga."

Tsohuwar ta leƙa fuskata, ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Ku zo ku ji. Muryar ta tahi. Mati, mi ya same ka? Shanyewar jiki ce?"

"Lafiyata lau."

"Ka ji yadda yake magana kamar sabuwar amarya! An yi mishi asiri. Direbobin ga ne, sun ɗaure mishi baki don su kashe mu."

Kun gani? Shekara da shekaru ina zaton tsorona suke ji, ashe zagina suke jira kamar tikiti. Magana ta bazu a tasha. Wani ya ce bakina ya karkace, wani ya ce aljanar ruwa ta karɓi muryar, mai shayi ya kawo mini ruwan rubutu a kofi. Na hango mai cajin waya yana kallona yana magana a waya da hannu a baki. Da ƙyar, da rantsuwa, da nuna musu layi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, matan suka shiga suna salati kamar masu shiga kabari. Jirgi na tashi na nufi kwale-kwalena. Na kwarfe ruwa har hantsi.

Haka muka yi ta yi. In sallami jirgi, in je in kwarfe. Wani mai awaki ya ce mini kurma, na je na kwarfe. Ban ɗaga murya ba ko sau ɗaya, Allah shaida, mangwaro shaida.

Sai ga Mamuda bayan azahar, zai yi sawun ƙarshe.

Shi ya san sharaɗin, ai a gidansu aka yi maganar. Ya kawo babban jirginsa ya ɗaure, yana fito da baki, hularsa a ƙeya. Aka fara lodi. Albasa, masara, jarkokin manja, babura. Ruwa ya taɓa jan layi. Na ɗaga hannu. Ya kalle ni ya yi dariya.

"Ku ƙaro! Baba bai ce komi ba."

Aka ƙaro albasa. Layi ya nutse.

"Baba Mati, in akwai magana ka yi ta mana," ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Ko kunyar surukai kaka ji? Ku kawo baburan can!"

Jama'a, na ji ta taso. Tun daga yatsun ƙafa ta taso. Kalmar tana bakina, na san wadda zan fara da ita, na san wadda za ta biyo, da na sake su da sai an ji a Shanga. Kunnena ya fara ƙara irin ta ranar da na faɗi. A cikin jirgin akwai mata da jarirai, iska kuma ta fara kaɗawa daga yamma, irin wadda ke tada ruwa a tsakiya inda kututturan tsofaffin itatuwa ke laɓe. Ta bayana kuma hayaƙin mangwaro.

Na cire igiyar jirgin daga turke na ɗaura ta a ƙuguna, don kada ya tashi ba ni. Igiyar doguwa ce. Na ja ta har kwale-kwalena, na shiga, na fara kwarfa. Tasha ta yi tsit, sai ƙarar jarka. Can Mamuda ya fara ihu, "Tsoho ya haukace! Ku kwance min igiya!" Ba wanda ya matso. Na kwarfe har na ji numfashina ya dawo wurinsa. Na wanke fuska. Na dawo, na hau katako, na ratsa tsakanin buhuna har wurin inji inda yake tsaye, na dafa kafaɗarsa na kai bakina kunnensa.

"Mamuda," na ce, yadda ko na kusa bai ji ba. "Duk tafkin ga ba mai hannunka a tuƙi, ni na sani kai ka sani. Amma dubi yamma. Ni na sha ruwan ga, na san ɗanɗanonsa, in ya kife zan fita. Kai ma za ka fita. Waccan mai jan mayafi da ɗan goyo, wa zai fitar da ita? Ba ni son kowa shi ce ni na sa ka. Kai za ka duba da idonka, kai za ka ce a sauke. Ni kurma ne yau."

Ya tsaya. Ya kalli yamma, ya kalli matar, ya leƙa gefen jirgi inda layi ya ɓace. Na kwance igiyar na miƙa masa, na sauka.

Ban kai yashi ba na ji ya fashe.

"Kai! Wane ɗan banza ya loda min baburan ga? So kuke ku kashe mutane? Ku sauke! Albasar ma a rage! Jakai kawai!"

Matan cikin jirgi suka sauke ajiyar zuciya gaba ɗaya.

"Yawwa," in ji wata. "Yanzu aka duba."

"Allah shi yi ma albarka, Mamuda," in ji wata. "Ashe akwai sauran maza a tashar ga."

Aka sauke kaya har jan layi ya fito sarari. Kowa ya sa rigar ruwa ba gardama, don Mamuda ya zage su. Inji ya tashi. Suna ta sa masa albarka har jirgi ya yi nisa, ba wanda ya waiwayo ya kalli tsohon da ke tsaye da jiƙaƙƙen wando. Ku kaɗai na gaya wa abin da na raɗa masa. Ko Tamada ban gaya wa ba.

In ce muku na ji daɗi? Kaina bai sara ba, maƙogwarona lafiya, rabon da in kai la'asar haka har na manta. Amma da na zauna bisa benci na ga tasha na ta harkarta, ana saye ana sayarwa, an samu wani mai ihun, sai na ji kamar na leƙa ranar da ba ni. Ba ta tsaya ba. Ko kaɗan ba ta tsaya ba.

Ban koma gida na sa shadda ba. Haka na nufi mangwaro da rigar aiki da warin ruwa. Tun daga nesa na ji ƙauri. Tamada da ba ta taɓa ƙona kifi ba, ga tarwaɗa baƙi ƙirin a gefe ta tara.

"Sannu da aiki, Uwar Yasira. Wuta ta yi gardama?"

"Kai ka ƙona su."

"Ni da ban ce uffan ba?"

"Shi ne ai." Ta zauna bisa kujerarta, ta goge ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne. "Tun da Yasira ta tahi, ni da wa nika yini? In na ji ka fara, in san jirgin farko ya cika, in juya kifi. In na ji ka ambaci uban wani, in san azahar ta kusa. Yau shiru. Na yi ta leƙawa ta bayan rumfar mai shayi in ga ko ka sake faɗuwa. In gan ka cikin mataccen jirgin can kana kwarfa kai kaɗai kamar maraya. In dawo, kifi ya ƙone."

"Ke kika ce in yi shiru."

"Ni na ce. Ban san haka shirunka ke da nauyi ba."

Na zauna bisa turmi. Na daɗe ban ji wani ya ce ya leƙa ya ga ko ina da rai ba.

"Mamuda ya kira ni daga ruwa," in ji ta. "Ya ce iska ta same su a tsakiya, amma sun wuce. Ya ce in gaya ma, wai kai mugun tsoho ne." Ta ƙara itace a wuta. "Ya ce kuma ƙofarsa a buɗe take in manyanka na da magana."

"To ke fa?"

Kafin ta amsa wayata ta yi ƙara a aljihu. Saƙon murya. Na danna, don ban iya ɓoye-ɓoye ba.

"Baba, an kira ni an ce bakinka ya mutu tun safe, kana ta kwasar ruwa a tsohon jirgi. Na taso. Na biya gida na haɗa kayanka. Ina shigowa tasha yanzu, yau a Kontagora za ka kwana."

Na miƙe tsaye. Kayana? Ya shiga ɗakin uwarsa ya taɓa mini kaya? Ga mota kuwa ta kunno kai ta wajen rumfunan albasa, fara, tana tada ƙura, na hango jakata da buta da tabarmata ɗaure a sama kamar na ɗan gudun hijira. Ƙirjina ya cika. Na buɗe baki.

"Malam Mati," in ji Tamada, ba ta ko ɗago ba, tana fifita wutarta. "Ni dai ba ni bin kowa Kontagora. Kuma dubi sama. Rana ba ta faɗi ba tukuna."

Na duba. Tana nan jawur bisa ruwa, saura kaɗan, amma tana nan. Kwale-kwalena na can ƙarshen tasha, motar ta tare hanya.

Bilyaminu ya fito da gudu, doguwar riga har ƙasa, ido ya yi ja. Ya kama hannuna, yana leƙa bakina, yana taɓa fuskata.

"Baba! Ka gane ni? Yi magana, Baba. Don Allah ko zagina ne ka yi."

Ɗan da na yi wa wanka a tafkin nan, ga shi da furfura a gemu yana rawar murya. Na ja numfashi irin na Hannah, a karon farko ya shiga har ƙasa. Na yafito shi da yatsa. Sai da ya sunkuya ya kawo kunnensa kusa da bakina.

"Sauke min kayana," na ce. "In ka gama, ka zo ka gaida innarka."

Ya ɗago a hankali, ya kalli bayana, inda Tamada ke zaune.

Mafici ya tsaya a hannun Tamada.